Ampilin aljihu na abin saurare: daga wajen pil ake fara lissafi

Yau filinmu ya shiga rumfar masu gyaran rediyo, domin mu yi bayani bisa wata ƴar na'ura wadda girmanta bai wuce akwatin ashana biyu ba. Ita ce ƙaramin ampili na aljihu, wanda ake haɗawa tsakanin salula ko rediyo da abin saurare na kunne, wato kask. Aikinsa shi ne ya karɓi muryar da ta fito da rauni, ya ƙara mata ƙarfi, sannan ya miƙa ta ga kunne. Ma'aikatan gidajen rediyo, da samari masu ɗaukar waƙa, da duk wanda ya sayi babban kask ya tarar salularsa ba ta iya ɗaukarsa, su ne masu bukatarsa.

Mai koyon haɗa wannan na'ura ya kan sa hankalinsa duka ga guntuwar nan baƙa mai ƙafafu 8 wadda masu gyara ke kira antegire, ya bar zancen pil sai ƙarshe. Nan kuskuren yake. Ampili ba ya ƙirƙiro ƙarfi da kansa. Kuran ɗin pil yake ɗiba, ya juya shi bisa siffar murya, saboda haka duk sautin da kunne ya ji daga cikin pil ya fito. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Idan ba a tsara wajen pil da kyau ba, ko murya ta shaƙe, ko pil ya ƙare cikin yini biyu, ko kask mai tsada ya lalace, ko ma batir ya kama wuta cikin aljihun mai shi.

DAGA INA ABIN YA FARO

A shekara ta 1800 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya jera faya-fayan ƙarfe iri biyu bisa juna, ya samu kuran daga cikinsu. Wannan tsibi na faya-fayai shi ne asalin kalmar pil da muka aro daga Faransanci. A 1866 injiniyan Faransa Georges Leclanché ya ƙirƙiro irin wanda ya zama kakan pil ɗin tocila da muke saye a kasuwa. Ɗan ƙaramin pil mai kusurwa huɗu, mai bolt 9, kamfanin Eveready na Amurka ya fito da shi a 1956 domin rediyon hannu. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fitar da Walkman, mai aiki da ƙananan pil 2, daga nan mutane suka saba yawo da kask a kunne. Shi dai wannan kamfani ne ya fara sayar da batirin litiyom mai sharje a 1991.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wani mutum a Amurka, Chu Moy, ya watsa zanen wani ampilin aljihu mai sauƙin haɗawa: antegire guda, pil mai bolt 9, da ƴan kayayyaki kaɗan. Masu sha'awar aikin hannu suka riƙa haɗa shi cikin gwangwanin alewa, har ya zama darasin farko na masu koyo a ƙasashe da yawa, ana kiransa CMoy. Shi za mu riƙe misali cikin wannan bayani.

KALMOMI UKU

Kafin lissafi sai mu san kalmomi uku, kuma shaton ruwa na gari ya isa ya bayyana mana su. Bolt kamar tsawon shato ne: in ya yi bisa ƙwarai, ruwa zai zo da ƙarfin turi. Amper kuwa yawan ruwan da ke gudana cikin tiyo ne. A ƙaramar na'ura da miliamper ake ƙidaya, wato kashi 1 cikin 1000 na amper. Om shi ne ƙuncin tiyon: in tiyo ya matse, ruwa kaɗan ke wucewa sai an ƙara turi. Bajamushe Georg Ohm ya bayyana dokar da ta haɗa su a 1827: a raba bolt da om, abin da ya fito shi ne amper. Da wannan doka kaɗai za mu yi aiki.

A TAMBAYI KASK TUKUNA

Ba a yanka riga sai an auna mai ita. Kowane kask yana da adadin om da aka rubuta a kwalinsa, daga 16 har zuwa 600. Ƙanana na salula yawanci 16 ne ko 32. Manya na ɗakin ɗaukar murya su kan kai 250 ko 300, kamar Sennheiser HD 600 mai om 300.

Bari mu ɗauki biyu, mu ba kowane ƙarfi daidai da ɗan'uwansa, wajen miliwat 30, wanda ya ishi yawancin kask har da saura. Mai om 32 yana samun haka da bolt 1. Amma murya ba a miƙe take tafiya ba, hawa take yi tana sauka, kuma ƙololuwarta ta kan ninka wannan adadi sau 1,4. Ke nan ƙololuwa bolt 1,4; a raba da 32, a samu miliamper 44. Mai om 300 kuwa sai da bolt 3. Ƙololuwarsa bolt 4,2, amma miliamper 14 kawai yake sha. Kun ga bambanci: ƙaramin kask ruwa mai yawa yake so, babban kuwa dogon shato.

To, murya tana hawa sama tana kuma sauka ƙasa, don haka sai a ninka ƙololuwar sau 2. Na om 300 ya zama bolt 8,4. Bayan haka antegire irin OPA2134, wadda ake yawan sa wa CMoy, ba ta iya kai murya har bakin iyakar abin da pil ya ba ta. Ta kan bar wajen bolt 1,5 a kowane gefe. In an tara, ana bukatar kusan bolt 12. Pil guda mai bolt 9 ba zai kai ba, ko da sabo ne fil. In an tilasta masa, kan muryar zai guntule, a ji ta tana karcewa duk lokacin da ganga ta buga.

Akwai kuma abin da mai koyo ke mantawa: bolt 9 na ranar saye ne. Cikin cikinsa ƙananan pil 6 ne a jere, suna raguwa sannu a hankali har jimlarsu ta sauka wajen bolt 6. Saboda haka lissafi da gajiyayyen pil ake yi. Guda 2 a jere suna ba da 18 suna sababbi, 12 in sun tsufa, wato sun ishi babban kask har ƙarshen rayuwarsu. Shi kuwa mai om 32, bolt 6 ya ishe shi, pil guda zai riƙe shi. Matsalarsa tana wajen miliamper 44, domin OPA2134 wajen 35 take iya bayarwa. A nan antegire irin NJM4556, mai ba da har 70, ta fi dacewa.

AWA NAWA PIL ZAI YI

Abin da pil ke ɗauke da shi ana auna shi da miliamper-awa, a taƙaice mAh. Pil mai bolt 9 irin alkalin, mai lamba 6LR61, yana da wajen 550. Irin na gawayi mai araha, mai lamba 6F22, bai kai haka ba, kuma ya fi saurin durƙushewa in an ja shi da ƙarfi.

Sai a tara abin da kowa ke sha. OPA2134 tana shan miliamper 8 ko da ba a saurare komi. Rezistans biyu masu raba kuran, waɗanda za mu yi zancensu nan gaba, suna shan 1. Murya ita kanta, a sauraren hankali, ba ta wuce 3 ko 4 ba. Ɗan jan ƙwan nan mai nuna an kunna, a ba shi 1. Jimla wajen 14. A raba 550 da 14, a samu awa 39. A cire kwata saboda ƙarshen pil ba ya da amfani, ya rage wajen awa 30. Mai saurare awa 2 kullum zai sauya pil bayan mako 2.

A lura da ɗan ƙwan nan. In an haɗa shi da rezistans mai om 1000, miliamper 7 zai riƙa sha, kusan daidai da antegire ɗin kanta, kuma kwanakin pil za su ragu da kashi 1 cikin 3 saboda ado kawai. Da rezistans mai om 10000 ba ya kai ko 1, kuma ana ganin haskensa.

Wanda nauyi bai dame shi ba, ya jera pil 6 irin LR6, na rediyon hannu. Su ma bolt 9 suke bayarwa, amma da mAh sama da 2000, wato ninki 4 na ɗan ƙaramin. Kuɗin wannan riba shi ne nauyi: giram 140 maimakon 45, da akwatin da ba zai shiga aljihun riga ba.

ZANCEN MAS, INDA AIKI YA FI WUYA

Pil kai biyu gare shi, mai alamar + da mai alamar −. Murya kuwa wuri uku take nema: sama, ƙasa, da tsakiya inda take komawa ta huta. Wannan tsakiya ita masu gyara ke kira mas, kuma ta nan kuran ɗin da ya ratsa kask yake dawowa. Hanyoyi uku ake bi a same ta.

Ta farko ita ce ta Chu Moy. A jera rezistans 2 masu om 4700 tsakanin kawunan pil; mahaɗarsu ta zama tsakiya, bolt 4,5 sama, bolt 4,5 ƙasa. Kusa da kowace a sa kondansater mai mikrofarad 220, wanda aikinsa kamar randa ne: ya tara, ya bayar lokacin da murya ta nemi da yawa farat ɗaya. Hanyar tana da araha, kuma tana aiki lafiya da kask mai om da yawa. Da mai om 32 kuwa sai ta raunana. A murya mai kauri, mai kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa, randunan nan biyu suna tare hanya da wajen om 7. Bakwai kusa da 300 ba komi ba ne, amma kusa da 32 abu ne babba: tsakiyar ta riƙa rawa, muryar kunnen dama ta ɗan zubo cikin na hagu. In an sa masu mikrofarad 470, tarewar ta ragu zuwa rabi.

Ta biyu, a sa wata guntuwa mai ƙafa 3 ta kamfanin Texas Instruments, TLE2426, wadda aka ƙera domin wannan aiki kaɗai. Tana riƙe tsakiya daidai ko pil yana raguwa, kuma abin da take sha bai kai kashi 1 cikin 5 na miliamper ba. Iyakarta miliamper 20, don haka ita ma tana bukatar randunan nan su taimake ta.

Ta uku, a jera pil 2, a ɗauki mahaɗarsu ta zama mas. Wannan ita ce tsakiya ta gaskiya, mai ƙarfi, ba rezistans, ba ɓarna. Sai dai tana da haɗarin da ya kamata kowa ya sani. In pil guda ya riga ɗan'uwansa mutuwa, ko wayarsa ta tsinke cikin aljihu, antegire tana iya karkata gefe guda, ta tura wa kask kuran miƙaƙƙe wanda ba murya cikinsa. Kunne ba zai ji komi ba sai ɗan ƙara sau guda, amma siririyar wayar da ke nannaɗe cikin kask tana ɗumama, har ta lalace. Saboda haka pil biyun a saye su tare, iri guda, a sauya su tare. Makunnin kuma ya zama mai yanke wayoyi biyu lokaci guda. Wani ampili mai suna Objective2, wanda aka watsa zanensa a 2011, an sa masa da'ira ta musamman mai kashe na'urar da kanta da zarar pil ya yi rauni, duk saboda wannan haɗari.

Ga wani tarko kuma wanda ya shafe mu. In mas ɗin na rezistans ne ko na TLE2426, to yana tsakiyar pil, ba a kan − yake ba. Wayar murya tana haɗa shi da jikin salula. Idan mutum ya jona ampili da salula duka biyu ga majona guda, kamar yadda ake yi da batirin allon hasken rana a gidaje, to ya haɗa tsakiya da ƙasa kai tsaye. Rabin kuran ya gajarce ke nan, kuma wani abu na iya ƙonewa. Dokar mai sauƙi ce: in ana sharje, a cire wayar murya.

BATIR MAI SHARJE DA ZAFIN ƘASARMU

Sayen pil duk mako 2 yana cin aljihu, shi ya sa da yawa ke komawa ga mai sharje. Akwai irin NiMH mai siffar pil ɗin bolt 9. Yawancinsu bolt 8,4 ne, da mAh 170 zuwa 300. Mai 200 zai ba ampilinmu wajen awa 14. Na dā su kan zube da kansu ko ba a taɓa su ba, zafi kuma yana ƙara saurin zubewar. Irin masu riƙe sharje, kamar Eneloop da kamfanin Sanyo ya fitar a 2005, sun fi dacewa da mu.

Sai litiyom. Wanda ya fi yawa a hannun masu gyara shi ne mai lamba 18650, wato faɗi milimita 18, tsawo 65, wanda ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta. Yana cika a bolt 4,2, yana aiki wajen 3,7, kuma kada a bar shi ya sauka ƙasa da 3. Na ƙwarai iyakarsa wajen mAh 3500; duk wanda aka rubuta masa 9900 ƙarya ce, kuma araha ba ta ado. Ba a sharje shi kai tsaye daga kowace waya. Sai da ɗan faifan sharje irin TP4056, mai haɗe da da'irar tsaro wadda ke yankewa in ya cika ko in ya sauka ainun. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko rigarsa ta yage, a ajiye shi gefe.

Bolt 3,7 bai ishi babban kask ba, sai an sa na'urar ɗaga bolt. A nan lissafi ya sauya, kada a raba mAh kai tsaye. Bolt 12 sau miliamper 14 ya ba da miliwat 168. Na'urar tana ɓatar da wajen kashi 20 cikin 100, ke nan batir zai biya 210. A raba da 3,7, a ga miliamper 57 ake ja daga gare shi. Batir mai mAh 2500 zai yi wajen awa 40.

Sai dai ita na'urar ɗagawa yanka kuran take yi tana saki da sauri, kuma yankan nan yana iya shiga murya. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20000 cikin daƙiƙa. Tsohuwar ICL7660 tana kaɗawa wajen 10000, wato cikin abin da kunne ke ji, sai a riƙa jin fito kamar na sauro. MT3608 tana yi sama da miliyan 1, nesa da kunne, amma duk da haka a nisanta ta daga wayoyin shigar murya, a sa kondansater a bakinta. Wasu batiran litiyom masu siffar pil ɗin bolt 9, waɗanda ake sharje da wayar salula, suna da irin wannan na'ura a ɓoye cikinsu. A gwada su da kunne kafin a dogara gare su. Babbar falalar pil ita ce shirunsa, tun da ba ya ɗauke da gunjin nan na kuran ɗin gari mai kaɗawa 50. Kada mu zubar da wannan falala da hannunmu.

Zafi kuwa ba baƙo ba ne gare mu. A watannin Afrilu da Mayu, Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram su kan wuce digiri 40 a inuwa. Masu ƙera litiyom sun kafa iyakar sharje a digiri 45. Gwangwanin da aka bari a rana ko gaban mota yana wuce wannan nesa. A yi sharje da dare ko da asuba, a ƙasa bisa siminti, nesa da katifa da tabarma. Kondansater ma zafi yana cin kwanansa: duk ƙarin digiri 10 yana rage shi da rabi, don haka a nemi mai rubutun 105 a jiki, mai jure bolt 25. Pil ɗin gawayi kuma ya kan yi yoyo ya cinye ƙarfen da ya taɓa; in za a ajiye na'ura, a cire shi.

ƘANANAN ABUBUWA MASU TSARO

Maɓallan pil mai bolt 9 suna kusa da juna, kuma taɓawa a juye ta daƙiƙa guda ta isa ta kashe antegire. Diyod guda a kan hanyar + tana hana wannan. Irin 1N4001 tana cin bolt 0,7, irin 1N5817 kuwa wajen 0,3 kawai, ita ta fi. Kusa da ƙafa ta 8 da ta 4 na antegire, inda kuran ke shiga, a liƙa ƙananan kondansater masu nanofarad 100 zuwa mas, da gajerun ƙafafu. In akwatin na ƙarfe ne, a shimfiɗa masa kwali ko roba a ciki, a ɗaure pil kada ya yi ta yawo.

Bayan an gama liƙi da dalma, kada a yi gaggawar sa kask mai tsada. A ɗauki miltimetir a auna daga mas zuwa sama, da daga mas zuwa ƙasa. Adadin biyu su zo kusan daidai. A auna bakin fitar murya ba tare da an sa komi ba. Kada ya wuce milibolt 20. A auna abin da na'urar ke sha, a gwada shi da lissafin takarda. In ya ninka, ko antegire ta yi zafi, akwai kuskure. Sannan a fara gwaji da tsohon kask wanda ba a jin asararsa.

Abu na ƙarshe shi ne kunnen kansa, domin ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren ƙara mai desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Miliwat 30 da muka yi lissafi da shi ajiya ce domin ƙololuwar murya, ba abin sha kullum ba. A kunna ampili da murya a ƙasa, a ɗaga a hankali.

To jama'a, wanda zai haɗa wannan na'ura, ya fara da takarda da alƙalami kafin ya ɗumama ƙarfen liƙi. Ya rubuta om nawa kask ɗinsa yake da shi, bolt nawa da miliamper nawa yake nema, da abin da zai rage cikin pil ranar da ya gaji. Mataccen pil kuma kada a jefa shi cikin wuta, ko kusa da rijiya, ko inda yara ke wasa.